Shekarar Rumbu Wayam

Bana damina ta yi nawa. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe wa mutane shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo. A irin wannan yammacin ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ɗiyata Nana tana kwance bisa tabarma da salula a kunne tana kaɗa ƙafa. Ta ce ita da ƙawayenta gardama suke kan waƙoƙin hip-hop da suka fi daɗi bana, sai ta tambaye ni cikin tsokana ko a zamaninmu ma akwai irin wannan abu. Na ajiye faifan na dube ta. Ita yanzu duk waƙar da take so, da ɗan yatsa take kiran ta. Ni nawa waƙoƙin uku ne, na wata shekara ɗaya, kuma har yau ban manta ko baiti ba.

Ina da shekara goma sha shida a lokacin. Soja ke mulki. Muna zaune a Maradi, a unguwar Zariya, wadda ba ta cika ba tukuna, tsakanin gida da gida sai fili da ƴan itatuwan bedi. Baba tela ne a kasuwa, amma abin da muke ci daga gonar gado yake fitowa, can Tsibiri. Da bazarar shekarar aka rufe jami'a, yayana Laminu ya dawo daga Yamai da jaka guda, rabi tufafi rabi kaset, sanye da wani wando mai faɗi da Inna ta ce buhun gero zai shiga ciki har a ɗaure baki. Ya zo da ƴar rediyo mai cin kaset wadda murfinta ya karye, sai an danne shi da tsinke.

Zafin bazarar nan ba na mantawa ba ne. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifas. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Ni ke zuwa layin pompo da sassafe, in dawo in yi shara, in taya Inna surfe, kafin azahar kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar an doke shi. Malamanmu na lise, wato sakandare, suna yajin aiki, don haka ba lakwal, ba karatu. A cikin wannan zaman banza ne na fara jin wani abu na fitowa daga zauren gidanmu, inda Laminu da abokansa suka kafa fadarsu ta shayi. Kiɗa ne mai dukan ƙirji, da wasu samari na zuba magana a kansa da sauri kamar ana zazzage tsakuwa a kwano.

Na laɓe bayan ƙofa da tsintsiya a hannu. Wasu ƴan Yamai ne, suna yi da Faransanci da Zabarmanci, sai can a tsakiya ɗaya ya ɓarke da Hausa, yana cewa an kulle lakwal, benci ya yi ƙura, alli ya bushe, mu kuma muna girma a bakin titi. Gashin jikina ya tashi. Ni duk waƙar da na sani a duniya ko ta biki ce ko ta yabon wani mai hali. Ban taɓa jin an yi waƙa da abin da ke damuna ni Zuwaira ba. Waƙar nan muka sa mata suna "Lakwal A Kulle", ita ce ta farko.

Laminu ya kama ni ina maimaita ta wajen wanke-wanke. Na zaci zai yi faɗa, sai ya yi dariya ya gyara mani inda nake cin kalmomin. Daga ranar na zama mai kula da pil, wato batiran rediyon. In sun yi sanyi ni ke jera su bisa rufin kwano su sha rana, in ɗan ciccije su da haƙori, su ƙara mana ko waƙa biyu. Ba ma mayar da kaset baya da rediyo, asarar pil ce; bik na rubutu ake zurawa a ramin kaset ɗin a yi ta juyawa a sama. Na ƙware har samarin fadar suna miƙo mani ta kan katanga. Ranar Asabar da la'asar kuwa ko me nake yi sai na bari, don wata sabuwar tasha mai zaman kanta da aka buɗe a gari tana da shirin rap, mai gabatarwa wani mai murya kamar ganga da kowa ke kira Tonton Ada.

Waƙa ta biyu ta zo tare da ruwan fari. Ta ban dariya ce, "Mai Moto", labarin wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauki budurwarsa mai ya ƙare masa a gaban gidan surukai. Tonton ya sa ta ranar Asabar, Laminu ya yi wuf ya naɗe ta a kaset, washegari aka kwana ana ruwa. Ƙamshin ƙasar nan! Da gari ya waye duk muka ɗunguma Tsibiri, har Baba ya rufe shago. Hanya cike da mutane, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri. Laminu ya naɗe rediyon cikin leda ya rataya a wuya. Shi da Baba suna gaba suna sara, ni da Inna muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ba mu ankara ba sai ga saran sungumi ya hau kan kiɗan, sara, zuba, taka, sara, zuba, taka. Baba, wanda ke cewa wannan ba waƙa ba ce faɗa ne, shi ma ƙafarsa ta bi. Inna ta yi ta dariya har iri na zubewa.

Gonar da ke jikin tamu ta gidan su Bulus ce. Kiristoci ne, ubansa malamin makaranta, iyayenmu sun yi makwabtakar gona tun kakanni. Bulus sa'an Laminu ne, shi ke kaɗa piyano a cocinsu, irin mai maɓallan ganga a jiki. Da ya ji kiɗa ya yar da sungumi ya tsallako. A gindin wani gawo suka zauna da Laminu suna ta magana har aka kira su cin abinci. Ranar na koma gida ƙafafuna duk laka, bayana kamar zai tsage, ina jin babu wanda ya kai ni daɗi a Maradi.

Gero ya tsiro, kore shar, layi-layi. Daga nan sama ta ɗauke. Muka yi ta kallon gabas. Shukar ta kai tsawon yatsa ta tsaya, ta yi rawaya, ta kwanta. Aka sake ɗan yayyafi muka sake shuka, ita ma ta bi ta farkon. Karo na uku Baba ya ce a yi binne, a zuba irin cikin busasshiyar ƙasa a jira. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, su Bulus ma suka yi nasu a coci. Ruwan ya dawo a makare, ya yi ɗan abin da ya yi ya tafi tun gero bai gama ido ba. Da kaka, abin da muka ɗauro daga gonar da ke cika rumbu, amalanke ɗaya bai cika ba. Baba ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure daban, ya rataye a ɗakinsa, ya ce wannan iri ne, ko mutuwa ake kada wanda ya taɓa.

Gida ya sake. Abincin rana ya fara ɓacewa, aka koma fura, furar ma ta yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ludayi. Tuwon dare ya koma na garin rogo, mai danƙo, ka ci ka ƙoshi kafin ka kwanta cikinka ya sake kira. Keken ɗinkin Baba ya yi shiru, wa ke ta sabon kaya. Unguwar da ke tashi da ƙarar turmi ta koma sai ka ji ɗaya can nesa. Mutanen ƙauyukan arewa suka fara shigowa gari da jakuna da ƴaƴa, suna sauka bayan tasha. Amma a rediyon gwamnati ba ka jin kalmar yunwa. Cewa ake an samu ɗan ƙarancin cimaka a wasu yankuna. Kowa ya san kalmar nan ba a so, mutane har sassauta murya suke in za su faɗe ta.

Laminu ya daina dariya, ya koma yawan zuwa Tsibiri wurin Bulus. Wata rana ya ce in raka shi. A ɗakin Bulus na tarar sun jingina piyano da rediyo biyu, sun toshe taga da bargo. Waƙa za su naɗa, tasu ta kansu. Ni aka bar ni waje ina taya uwar Bulus dakan busasshen rogo. Sau uku Laminu na leƙowa yana cewa dakanmu na shiga kaset. A karo na huɗu, Bulus ne ya fito, ya tsaya yana saurare da kai a karkace.

Ya ce, "Mama, ku yi lugude mu ji."

Muka yi. Taɓarya na tashi, tafi na shiga tsakani. Bulus ya koma da gudu ya kashe gangar piyanon, ya yaye bargon, ya ɗora rediyon bisa taga. A kan lugudenmu Laminu ya hau. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya faɗi shuka ta fari da ta biyu da binne, ya faɗi saniyar da aka sayar kamar kyauta, ya faɗi uwar da ke ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su yi barci da sa rai. Amshin kuwa shi ne:

Rumbu wayam, tukunya wayam,
Sama ta yi shiru, mu ba mu yin shiru,
Yunwa ce, a kira ta da sunanta.

Aka mayar mana muka ji. Ga muryar yayana, ga taɓaryata a ƙarƙashi, cikin kaset kamar na ƴan Yamai. Uwar Bulus ta share ido da bakin zane ta ce a sake sawa.

Suka kai wa Tonton Ada. Laminu ya ce mutumin ya saurara har ƙarshe ido rufe, ya cire kaset ɗin ya miƙo masu da hannu biyu. Ya ce waƙa ta yi, bai taɓa jin irinta ba, amma ranar da ya sa ta, washegari za su zo su tarar da tashar a garƙame. Laminu ya dawo ya jefa kaset ɗin bisa katifa bai ko ci tuwo ba. Ni na ɗauke shi.

A lokacin an tura ni Jiratawa wurin Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, don a rage baki a gida, in kuma riƙa kawo abin da ya samu. Duk ƙasar ta bushe ƙayau, amma kana gangarawa fadamar Jiratawa sai ido ya huta. Injunan ban ruwa na ruri, ruwa na bin kanal, ga albasa, ga tumatir, ga zogale har inda ido ya tsaya. Da sanyin safiya muke shiga, ruwan kamar ƙanƙara, yatsu su ƙage wajen dashen albasa. In rana ta ɗaga mu koma tsigar zogale. Ladanmu ganye ne da ɗan masara, ran sa'a har da tumatirin da ya fashe. Ƴan aikin daga ko'ina suke, mata da samari da tsofaffin da gonakinsu suka ƙone irin tamu.

Wani mai gadin inji yana da rediyo. Na lallaɓe shi ya ara mani, na rataye ta a reshen bedi, na sa. Da farko ba wanda ya ɗago. Da aka zo kan binne sai na ga bayan mutane na miƙewa ɗaya-ɗaya. Wata tsohuwa mai suna Iya Tamu, da ba ta taɓa yi wa kowa magana ba, ta ce, "Ke ɗiya, mai da shi baya inda ya ce binne. Wannan yaron gonata ya gani?" Kafin sati ya zagayo duk fadamar ta iya amshin. Masu kai ganye kasuwar Maradi suka roƙi a kwafa masu. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dawo gida hutun Juma'a na ji ta a teburin mai shayi, na ji ta a bakin ɗan kabu-kabu, na ji yara na tafa ta a bakin pompo. Na shigo gida da gudu ina haki ina gaya wa Laminu, ya ce ai shi ma ya ji, yana murmushi yana kuma waige-waige.

Da shekara ta zo ƙarewa Tonton ya yi sanarwa cewa Asabar ta ƙarshe masu saurare su zo ƙofar tasha, kowa ya faɗi waƙarsa ta shekara da bakinsa, kai tsaye. Na yi kitso, na ɗauki zanen sallata. Muka tarar da titin ya cika: ƴan fada-fada, ƴan lise, motocin kabu-kabu jere, har da ƴan Jiratawa da suka zo bisa amalanke. Tonton ya zuro makirfo ta taga da doguwar waya, ya tsaya a bakin ƙofa, mutane suka yi layi.

Na farko wani ɗan kabu-kabu ne. Ya gaida iyayensa da duk ƴan tasharsu, sannan ya ce, "Rumbu Wayam." Tonton ya yi ƴar dariya ya ce wannan ba su da kaset ɗinta. Na biyu ya ce Rumbu Wayam. Ta uku ma haka. Wani ya ce Mai Moto aka yi masa ihu har ya ce to ya janye. Gumi ya fara keto wa Tonton duk da sanyin da ake. Ina cikin layin zuciyata na dukan da ya fi na turmi. Sai ga ni a gaba, makirfo a saitin bakina, yana warin ƙarfe.

Ya ce, "Ƴan mata, ke fa? Wacce ce taki?"

Na buɗe baki in faɗi suna kamar kowa. Abin da ya fito amshin ne. Muryata ta fito siririya tana rawa, ni kaɗai, rumbu wayam, tukunya wayam. Kafin in kai layi na biyu titin gaba ɗaya ya ɗauka. Ƴan kabu-kabu suka hau dukan tankunan moto, mata suka shiga tafin lugude, wani ya ɗaga Laminu sama aka tura shi gaba, ya karɓe daga bakina ya zuba baitin farko. Ina tsalle ina kuka ina dariya, ɗankwalina ya faɗi ban sani ba. Tonton bai janye hannunsa ba. Ya dai matso da bakinsa ya ce, "Masu saurare, ku shaida, ni ban sa kaset ba." Ya sake miƙa makirfon cikin taron.

Mun kai baiti na uku aka yanke tashar. Mu ba mu sani ba, muna ta yi, sai da kamiyo, babbar motar soja, ya kunno kai daga kwanar titi. Wuri ya tarwatse. Na ruga na shige wani zaure, takalmina ɗaya ya tsaya a hanya. Ta kafar ƙofa na ga sun riƙe Tonton, babbansu na tambayar wa ya yi waƙar, kuma ina yarinyar da ta fara. Laminu bai gudu ba. Ya tako ya ce shi ya yi ta, shi ya rera, yarinya kuwa bai san ta ba, ƴar kallo ce. Suka saki Tonton suka jefa yayana cikin mota.

Na iso gida ƙafa ɗaya ba takalmi, ina jiran duka. Ashe Inna ta ji komai a rediyon makwabta, ta gane muryata tun kalmar farko. Ta ɗebo ruwa ta ba ni, ta zauna ta riƙe kai. Baba ya sa hula ya fita. Kwanakin da suka biyo, kullum da safe shi da uban Bulus suke tafiya ƙofar bariki su zauna a rana, a ce su dawo gobe. Aka ce za a kai Laminu Yamai, aka ce arewa za a tura shi. Na daina cin ko ɗan abin da ake ba ni.

Da aka yarda a kai masa abinci, Inna ta shiga ɗakin Baba da rana tsaka ta kwanto zangarniya daga cikin irin nan. Baba yana zaune bakin ƙofa, ya bi ta da ido har ta wuce. Ta miƙo mani taɓarya. Muka yi masa fura ta gaske, mai kauri, irin wadda gidan ya manta ƙamshinta, ni na ɗauka har ƙofar bariki.

Ran nan da hantsi ina shara sai na ji sallama da wata murya a shaƙe. Laminu ne, an yi masa aski ƙwal, ya rame, tafin hannunsa duk ƙuraje don noman ciyawar bariki da aka sa shi. Inna ta saki ƙwarya. Makwabta suka cika gidan, Bulus ya iso daga Tsibiri bisa keke yana zufa, ƴan fada suka tsaya cirko-cirko a zaure. Ni na kasa matsowa, ina ganin ni na ja masa. Shi ya kira ni ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce muryata ta yi ƙasa a layin farko, in gyara.

Baba ya tambaye shi ko sun dake shi. Ya ce ranar farko dai an taɓa. Sai ya shafa ƙoƙon kansa ya fara dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Ya ce sojan da aka sa ya yi masa askin, wani dogo ne mai tsage, fuska ba annuri. Ya danne masa kai yana kankara da reza, da ya ga babbansu ya ba da baya sai ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Ya ce mani, kai, ranar nan an yanke tashar ban ji ƙarshen ba. Bayan saniyar nan da aka sayar, mi ka ce?"

Baba ya ce, "To, ka faɗa mashi?"

Laminu ya ce, "Baba, reza na bisa kaina. Har amshi sai da na koya mashi."